Zuciya Da Ƙoda: Taimakon Da Ke Zama Cuta



Mun saba ɗaukar zuciya da ƙoda tamkar ma'aikatu biyu, kowace da ofishinta. Amma tun 1836 wani likitan Ingila, Richard Bright, ya lura cewa masu ciwon ƙoda da yawa idan sun rasu akan tarar da zuciyarsu ta yi kauri. Dangantakar nan ita za mu ɗan tattauna a yau.

Zuciyar baligi tana tura kimanin lita 5 na jini a minti guda, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin nan ƙoda yake zuwa. To, idan zuciya ta gaza, jinin da ke isa ƙoda sai ya ragu. Ita kuwa ƙoda ba ta da hanyar sanin dalili. A wurinta, ko dai mutum ya zubar da jini, ko ƙishirwa ta kama shi. Sai ta saki sinadarin renin, wanda ke sa jijiyoyi su tsuke, ta kuma riƙe gishiri da ruwa. Ga wanda ya zubar da jini, wannan ceto ne. Ga mai raunin zuciya kuwa, jaki ne ya durƙushe aka ƙara masa mangala. Ƙafafu su kumbura, ruwa ya taru a huhu, har mutum ya kasa kwanciya, sai dai ya kwana a zaune. Jinin da ya cunkushe a jijiyoyi kuma ya koma ya takura wa ƙodar kanta.

Idan ƙoda ce ta fara lalacewa, hawan jini da ƙarancin jini su ke gajiyar da zuciya. Nan likita ke shiga tsaka mai wuya: ya ba da maganin fitsari da yawa, ƙoda ta ji jiki, ya rage, huhu ya cika.

Batun riƙe gishirin nan ya shafe mu har cikin gida. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu kan mata masu jego da zuciyarsu ta gaza a Zariya, suka ɗora zargi kan kunun kanwa da wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, ba kuwa mun zo yin faɗa da iyayenmu mata ba ne. Sai dai kanwa dangin gishiri ce, ƙodar mai raunin zuciya kuma ba ta iya fitar da ita yadda ya kamata.

Haka nan magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tare da takardar likita ba, irin su ibuprofen da diclofenac, suna rage jinin da ke isa ƙoda, su sa jiki ya riƙe ruwa. Duk mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya da dare, kada a ba ta su; a kai ta asibiti a duba zuciyar da ƙodar tare.