Jawabi Game da Wasan Kwaikwayo

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. Tun kafin motar majigi ta kewaya garuruwa da fim ɗin Baban Larai, yaran Sabon Birni da Gwarzo da Kabo suna tashe cikin watan azumi, matan fada kuwa suna wasan gauta, suna kwaikwayon sarki kansa.

Gwanin wasa shi ne wanda ya ari halin wani, ya nuna aibi, bai ambaci suna ba. Saboda haka in ya fito a azzalumin hakimi, kada a ɗauka raini ne, gama abin da talaka ya kasa faɗi a zaure shi ya faɗa a dandali. Shugaba mai hankali sai ya saurara, ya gyara.