Haƙƙin Kamfanin da Aka Rushe a Hannun Baitulmali

Laccar da aka gabatar a Maraɗi gaban ƴan kasuwa da malamai da ɗalibai

  

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce: idan kamfani ya rushe alhali yana bin Gwamnati rarar harajin da ya biya, wa ke da ikon karɓo wannan kuɗi, ta wace hanya, kuma zuwa wane lokaci? Na karɓi wannan nauyi da farin ciki, domin kuwa haƙƙoƙi masu yawa suna salwanta ta wannan ƙofa, galibinsu na marayu da matan da mazansu suka rasu, ba don wani ya ƙwace musu ba, sai don an yi gaggawar rufe abin da bai kamata a rufe ba tukuna.

Tun da Katsinawa suka kafa Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen shekarar 1819, Gobirawa kuma suka mai da Tibiri mazauninsu bayan yaƙin Gawakuke na 1836, cinikin wannan ƙasa bisa amana yake tafiya, tsakanin ubangida da baransa, da dillali da fatake, har ya zamana kalmar mutum guda takan ɗaure dukiyar da raƙuma goma ba su iya ɗauka. Da zamanin gyaɗa ya zo, gidajen ciniki na Turawa suka buɗe rassa, sa'an nan Gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa da fitar da ita, sai alhazanmu suka fara cuɗanya da wani irin abokin ciniki wanda ba shi da fuska, sai suna da hatimi da takarda. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, daga baya SONARA ɗin kansa, duk da girmansa, ya rufe. Wannan ya isa ishara cewa kamfani ma yana da ajali; dokar da muke ƙarƙashinta ba ta ba shi fiye da shekara 99 ba sai an sabunta, mafi yawansu kuwa ba su kai ko kusa.

To, ta yaya Gwamnati kan wayi gari kamfani na bin ta? Hanyoyi uku suka fi yawa. Ta farko ita ce kuɗin da ake yanka tun da wuri, a duwan sa'ad da kaya suka shigo ta Ɗan Isa, ko a Baitulmali sa'ad da ake biyan ɗan kwangila, a matsayin kafin alƙalami na harajin riba. Ta biyu ita ce harajin TVA, wanda yake 19 cikin 100 a Nijar: mai fitar da kaya waje yana biyansa kan abin da ya saya a cikin gida, ba ya karɓarsa daga mai saye na waje, sai rara ta taru masa, masu fitar da kaya kuwa suna cikin waɗanda doka ta yarda a mayar musu. Ta uku ita ce kuskure tsantsa, kamar biya sau biyu ko lissafin da ya zarce ƙa'ida.

Mu ƙaddara abokai uku sun haɗa jari, suna kai wa ma'aikatun Gwamnati hatsi. Cikin shekara an yanke musu sefa miliyan 3. Shekarar ta zo da hasara, sai mafi ƙarancin harajin da ake biya bisa jimlar ciniki ya hau kansu, mu ce miliyan 1. Miliyan 2 ke nan suka rage a hannun Baitulmali. Ɗaya daga cikinsu ya rasu, sauran biyun suka ga a rabu lafiya, aka sayar da mota da ragowar buhuna, aka sallami mai gadi, aka rufe asusun banki, aka yi fatiha. Takardun shaidar yankan kuɗin kuwa suna cikin wata tsohuwar adaka a bayan mangaza, gara ta ci rabinsu, sauran yaron shago ya bai wa mai ƙosai ta naɗe wa mutane. Bayan shekaru sai kwantabul ya tuna, aka je biron lanho, ma'aikaci ya tambaya: wa zai sa hannu da sunan kamfanin, kuma a wane asusu za a zuba? Aka rasa amsa, alhali sulusin kuɗin nan na ƴaƴan mamacin ne.

Abin da ya kamata kowa ya fahimta shi ne, dokoki biyu ne suka haɗu a kan wannan mas'ala, kowace da wa'adinta. Rayuwar kamfani da mutuwarsa suna ƙarƙashin dokokin OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ta 17 ga Oktoba 1993, wadda ƙasashe 17 suke ciki har da Nijar. Dokarta ta kamfanoni an zartar da ita a 1997, aka sabunta ta a Wagadugu ranar 30 ga Janairu 2014. Haraji kuwa yana ƙarƙashin dokar ƙasa, a hannun Babbar Ma'aikatar Haraji, wato DGI.

Dokar kamfanoni ta bambanta rushewa da gamawa. Daga ranar da aka rushe kamfani ya shiga halin tasfiya, wato tattara dukiyarsa, da karɓo abin da yake bi, da biyan abin da ake binsa, da raba saura. Aya ta 204 ta wajabta a rubuta wannan hali tare da sunan wakilin tasfiya a kan kowace takarda da ta fita da sunansa. Aya ta 205 ta tabbatar da cewa zimmar kamfanin tana nan daram, gwargwadon bukatar tasfiya, har ranar da aka buga sanarwar rufewa. Aya ta 216 kuma ta ba da shekara 3 daga ranar rushewa don a kammala. A cikin wannan tazara wakilin tasfiya shi kaɗai ne bakin kamfani da hannunsa, shi ke rubuta wa ma'aikatar haraji, shi ke karɓa, kuma doka tana kama shi da alhakin duk sakacin da ya jawo wa masu jari ko masu bin bashi hasara.

Malamanmu ba za su ga baƙon abu a nan ba, domin kamfanin da aka rushe kamar mamaci ne da tarikarsa: ba a kiran magada a raba sai an tattara abin da ya bari, har da bashin da yake bin mutane, an biya na kansa, an fitar da wasiyya. A babin ƙiradi ma, wato ba da jari a juya a raba riba, Risalar Ibn Abi Zaid ta hana raba riba sai uwar kuɗi ta koma tsaba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Saboda haka wanda ya ga adana rasit da faktir a matsayin al'adar Nasara, to ya jahilci abin da addininsa ya riga ya umurce shi da shi.

Ga abin da ya wajaba a kan wakilin tasfiya, bi da bi. Ya sanar da ma'aikatar haraji tsayawar aiki cikin gajeren wa'adin da doka ta sa, ya miƙa lissafin ƙarshe. Ya rubuta takardar neman mayarwa tun a watannin farko, da lambar NIF ta kamfanin, da shaidar naɗinsa, da hujjar kowane biya, ya karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, domin haƙƙin nema yana faɗuwa in wa'adinsa ya shige, kuma rushewar kamfani ba ta tsayar da gudun wannan wa'adi. Ya shirya wa bincike, gama ma'aikata za su duba littattafai, su cire duk abin da suke bin kamfanin kafin su mayar da saura, wannan kuwa adalci ne. Ya bar asusun banki a buɗe, kada ya kira taron rufewa, kada kuma ya nemi a soke sunan kamfanin daga rajistar RCCM, sai kuɗin sun shigo ko an yanke hukunci a kansu. Littattafan lissafi kuma a adana su shekara 10 kamar yadda dokar OHADA ta tanada.

In kuwa an riga an rufe, ƙofa ta ƙuntata, amma akwai sauran hanya. Ikon wakilin tasfiya ya ƙare, tsohon mai jari kuma ba ya iya zuwa ya karɓa da sunan abin da aka soke. Hanyar da kotuna suka saba bi a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Faransa ita ce, mai haƙƙi ya roƙi shugaban kotu ya naɗa wakili na musamman don wannan aiki kaɗai, ya karɓo, ya biya masu bin bashi in akwai, ya raba saura bisa hannun jari. Hanya ce mai cin kuɗin lauya da lokaci, kuma ba ta da amfani in wa'adin haraji ya riga ya wuce.

Ku kuma ƴan'uwanmu na Jiratawa, masu noman rani da zogale a filayen da hukumar ONAHA ke kula da su, ƙungiyoyinku na gama kai suna da dokarsu daban, wadda aka zartar a Lome ranar 15 ga Disamba 2010. Ku sani cewa rarar da ta saura bayan an rushe irin wannan ƙungiya ba a raba ta tsakanin membobi, ana miƙa ta ga wata ƙungiyar gama kai ko cibiyar da ke raya su. Wanda ya bar ta ta salwanta, al'umma ya cuta.

Maganata ta ƙarshe ga ma'aikatan haraji take. Abin da ya zarce haƙƙin Gwamnati amana ce a hannunku, kuma jinkirta biyan bashi ga mai hali zalunci ne a shari'a, ko mai halin mutum ne ko hukuma. Ranar da ɗan kasuwa ya tabbata cewa rararsa za ta dawo masa ba tare da kamun ƙafa ba, ranar zai daina ɓoye cinikinsa, Baitulmali kuma shi zai fi kowa cin riba. Ina roƙon Majalisar Ƴan Kasuwa ta wannan jiha ta sa a rubuta waɗannan matakai da Hausa, boko da ajami, a raba a kasuwanni, ɗalibanmu kuma su zauna da iyayensu su duba takardun da ke cikin adaka tun gara ba ta riga su ba. Allah Ya sa mu sauke haƙƙoƙin da ke wuyanmu tun muna da iko, Ya albarkaci kasuwanninmu da gonakinmu.