Baƙon da ya bar takalmi a bakin Kusugu

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu ya gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai)

Na san wasu za su yi mamaki, ma'aikacin gwamnati ya miƙe zai yi maganar wasan kwamfuta. To, ku yi mini haƙuri, dalili ke sa a bar arha a sayi tsada.

Da hutun da ya wuce na tarar da ɗan yayana ya duƙufa a kan wani wasa mai suna Assassin's Creed, wanda kamfanin Ubisoft ya fara fitarwa a 2007. Gwarzon wasan na farko shi ne Altayir, mai farar alkyabba da ke rufe masa rabin fuska, ɗan wata ƙungiyar asiri da ke dutsen Masyaf a ƙasar Sham, a shekarar 1191. A wasan da ya biyo baya a 2009, 'yan ƙungiyar na baya suna girmama shi matuƙa: sun adana sulkensa, suna ta farautar takardun da ya bari. Yaron nan ya haddace duk wannan. Da na tambaye shi wane ne ya kashe macijin Kusugu, sai ya sosa ƙeya. Ga rijiyar nan kuwa a cikin garinsu!

Malamai, abin ya tsaya mini a rai. Masu wasan nan ba daga sama suka tsinci labari ba. Masyaf tana nan, kuma a can ne Rashiduddin Sinan ya shugabanci wata jama'a a ƙarni na 12. Tarihi suka ɗauka, suka cike gurbin da ya bari da ƙage. Har ma a 2023 sun fitar da wani da suka kafa a Bagadaza, garin da kakanninmu suka ce daga can Bayajidda ya fito.

Shi namu baƙon, me ya rasa? Ya yi zama a Borno, ya gudu, ya bar matarsa a Garun Gabas. Maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Ya shigo Daura da dare, ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce ai sai ran Juma'a maciji Sarki ke bari a ɗiba. Ya je ya sare kansa, ya bar takalmi ɗaya. Da safe masu ƙarya suka yi ta bugun ƙirji gaban Sarauniya Daurama, amma kai yana hannun baƙo. Har yau ba a daddale ko shi wane ne ba. Wasu masana sun danganta shi da Abu Yazid, wanda ya yi tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947. Wasu suka ce labarin misali ne na sauyin mulki daga mata zuwa maza. Wannan duhun da ke kewaye da shi, ai shi ne abin da ke jan yara.

Don haka ga shawarata. Ƙungiyarmu ta sa kyauta duk shekara ga ɗalibin da ya fi iya mayar da labarin nan zane, wasan kwaikwayo ko wasan kwamfuta. Kuma kafin Sallar Gani mai zuwa, mu ɗauki 'yan aji ɗaya mu kai su Kusugu, su ja guga da hannunsu. Sai dai a koya musu bambanta abin da aka tabbatar da abin da aka gada a baki, kamar yadda malaminmu na tarihi ya hore mu. In muka yi sake, wata rana wani zai ɗauki Bayajidda ya sayar wa jikokinmu.