Wa Zai Karɓi Ƙoshiya?

Karatu: Fitowa 35:25-35

Yau za mu shiga rumfar masaƙa.

Sa'ad da Allah ya umarci Musa ya yi alfarwa ta sujada a jeji, ya ba shi lissafin labulenta dalla-dalla. Fitowa sura 26 ta ce guda 10 ne, kowanne tsawonsa kamu 28, faɗinsa kamu 4, na lallausan lilin da zare shuɗi da shunayya da ja, da siffofin kerubobi a jikinsu. Labulen ƙofa aikin mai ɗinkin ado ne. Amma ga waɗannan goma, da labulen da ya tsare Wuri Mafi Tsarki, Ibrananci ya yi amfani da wata kalma dabam, kuma malaman Yahudawa na dā sun fahimta cewa a cikin saƙar kanta aka fitar da siffar. Zaren tsaye yana miƙe, masaƙi yana cusa zare mai launi da yatsunsa, kaɗan nan, kaɗan can, yana dannewa, har fiffike ya bayyana. Wanda ya taɓa duban adon luru da kyau ya ga ɗan'uwan wannan aiki. Masar ta san irin saƙar nan, gama a 1903 an sami ƙyallayenta a kabarin Fir'auna Tutmos na Huɗu, masu shekara fiye da 3,000.

Allah ya kira mutum biyu da sunansu: Bezalel daga kabilar Yahuza, da Oholiyab daga kabilar Dan. In an tashi tafiya, Yahuza ce a gaba, Dan ce a ƙarshe. Mun iske wannan abin lura ne. Ya cika su da gwaninta, amma aya ta 34 ta ƙara wani abu da mukan tsallake wurin karatu: ya sa musu a zuciya su koya wa waɗansu.

Mu da muka tashi kusa da masaƙa mun san abin da koyarwa take ci. Ba a ba yaro ƙoshiya ranar farko. Sai ya daɗe yana naɗa zare a kwarkwaro, yana bin maigidansa wurin wadari, yana jawo kunkuru in an aike shi. Ran da aka ce ya zauna, sai zare ya yi ta tsinkewa, bakin ƙyalle ya karkace. In launi ya shiga inda bai kamata ba, babu shafewa, sai a warware layi layi har a kai wurin kuskuren. Duk wannan asarar zaren maigida ne, da yininsa. Ƙyallen da zai gama kafin azahar ya kai gobe. Ga shi kuma zaren nan ba daga sama ya faɗo ba: aya ta 25 da ta 26 sun nuna mana matan da suka kaɗa shi da hannuwansu suka kawo. A kan baikon mutane Oholiyab ya bar sabon hannu ya koya.

A nan ne maganar ta same mu, 'yan'uwa. A ikilisiyoyinmu akwai shugaban mawaƙa da ya shekara ashirin babu wanda ya iya ta da waƙa in ba ya nan. Akwai ma'aji da shi kaɗai ya gane littafinsa. Akwai uwa a zumuntar mata da ta san yadda ake zama da wadda ta yi rashi, amma ba ta taɓa ɗaukar yarinya ta raka ta ba. Mu fastoci ma ba mu fita ba. Sau nawa matashi ya yi wa'azinsa na fari, ya rikice, muka ce a ranmu ba za a sāke ba shi bagadi ba? Mukan ce muna kishin aikin Ubangiji ne. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa tsoro ne kada a daina bukatarmu, ko kuwa ƙyashin zaren da zai ɓaci.

Ku matasa kuma, kada ku rena naɗin kwarkwaro. In an warware aikinku, ba ƙinku aka yi ba.

Kafin Lahadi, bari kowane mai aiki a ikilisiya ya ambaci sunan mutum ɗaya a gaban Allah, sa'an nan ya je gidansa ya kira shi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka sa koyarwa a zuciyar Bezalel da Oholiyab. Ka gafarta mana inda muka riƙe kujera muka hana. Ka ba mu haƙuri da hannun da yake rawa. Cikin sunan Yesu, Amin.