Jawabin Wannan Wata: Ziyara Zuwa Frutillar, Garin Kiɗa a Bakin Tafki

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Jawabin wannan wata zai kai ku nesa, har ƙasar Cile da ke Amurka ta Kudu. A can akwai wani ƙaramin gari da ake kira Frutillar. Mutanensa suna faɗin sunan kamar haka: Furutiyar. Garin manoma da makiyaya ne, amma kiɗa da waƙa ne suka sa duniya ta san shi.

Mai son zuwa sai ya fara sauka a Santiyago, babban birnin ƙasar. Daga nan ya nufi kudu, tafiyar kusan kilomita 1,000. Garin yana bakin wani babban tafki mai suna Llanquihue, ana faɗinsa Yankiwe. Shi ne tafki na biyu wajen girma a ƙasar. In baƙo ya tsaya a bakin ruwa, zai hango dutsen Osorno a ƙetare. Dutse ne mai aman wuta, amma kansa fari fat da ƙanƙara.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne gidajen garin. Na katako ne, masu tsinin rufi, da furanni a ƙofa, irin na ƙauyukan Jamus. To, me ya kawo ginin Jamus wannan wuri?

Ga dalili. A shekarar 1845 gwamnatin Cile ta yi dokar gayyato baƙi su zo su noma kudancin ƙasar. A lokacin talakawan Jamus da yawa suna fama da ƙarancin gona da rikicin siyasa. Sai suka ɗaure kayansu, suka shiga jirgin ruwa, suka yi wata da watanni a teku. Daga 1852 suka fara sauka a gefen tafkin. Jami'in gwamnati mai kula da su shi ne Vicente Pérez Rosales. An kafa garin Frutillar a 1856.

Ba su sami wuri a gyare ba. Kurmi ne mai duhu, ga ruwan sama, ga sanyi, ga rashin hanya. Da gatari da wuta suka share daji. Suka shuka alkama da dankali, suka kiwata shanun madara. Jirgin ruwa ne motarsu a kan tafki.

Amma a faɗi gaskiya, kudancin Cile ba kango ba ne kafin zuwansu. Akwai 'yan asalin ƙasa da ake kira Huilliche, dangin ƙabilar Mapuche. Shigowar baƙi ta sa da yawansu sun rasa filayen kakanninsu. Har yau maganar fili ba ta mutu ba a kudancin ƙasar. Wanda ya je ziyara ya kamata ya san wannan ma.

Mai son ganin yadda mutanen farko suka zauna, sai ya shiga gidan kayan tarihi na garin. Zai ga injin niƙa wanda ruwa ke juyawa. Zai ga maƙera da kayan aikinta, da tsofaffin kayan noma, da ɗakin girki irin na da. In ya fito, sai ya ɗanɗana kuchen, wani kek na fulawa da 'ya'yan itace. Matan Jamus ne suka zo da shi, yanzu ya zama abincin kowa a yankin.

Sai maganar kiɗa. Baƙin nan ba garma kaɗai suka zo da ita ba. Sun zo da al'adar taruwa a rera waƙa tare, kowa da muryarsa. Iyaye suka koya wa 'ya'ya, 'ya'ya suka koya wa jikoki. A 1968 wasu mutanen yankin suka fara shirya bikin kiɗa na shekara-shekara, mai suna Makonnin Kiɗa na Frutillar. Ana yin sa daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Lokacin zafi ke nan a can, domin ƙasar tana kudancin duniya. Makaɗan fiyano da na goge irin na Turawa da masu busa sukan zo daga ƙasashe dabam-dabam.

Shekaru da yawa garin ba shi da zauren kiɗa na kirki. A ɗakin wasannin motsa jiki ake taruwa. Duk da haka ba su fasa ba. A 2010 aka buɗe babban zaure mai suna Teatro del Lago, wato zauren tafki. An gina shi a bakin ruwa, wani sashensa ma a kan ruwan yake. Yana ɗaukar mutum fiye da 1,000. Yana kuma da makarantar koya wa yara kiɗa da rawa. A 2017 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Frutillar cikin jerin garuruwan kiɗa na duniya.

Amfanin bai tsaya kan makaɗa ba. In baƙi sun cika gari, mai masauki ya samu, mai abinci ya samu, mai mota ya samu. Makiyayi ma ya sayar da madararsa da cukunsa.

Jama'a, abin lura a nan shi ne, yau jikokin baƙin nan 'yan Cile ne, Sifaniyanci suke yi kamar kowa. Amma ba su yar da waƙar kakanninsu ba. Ba su kuma ɓoye ta a ɗaki ba. Sun koya wa yara, sun buɗe ƙofa ga maƙwabta, har abin ya zama na gari duka. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Al'adar da ba a koya wa yaro ba, da tsoho za a binne ta.

A huta lafiya, sai wata mai zuwa.