Yadda Turanci Ke Girma a Bakin Ɗan Sakandare



Na san ba za a rasa mai cewa me ya haɗa malamin Hausa da zancen Turanci ba. To, abin da ya haɗa mu shi ne, yaron da ake koya wa Turanci a sakandare ba da baki wofi ya zo ba. Da Hausarsa ya zo, kuma a kanta ake ɗora masa sabon harshe, ko malami ya lura da haka ko bai lura ba.

Bari in kafa misali da ɗan yayata, wanda ya yi shekarunsa shida na sakandare a gidana. Lokacin da ya shiga aji ɗaya yana iya furta duk abin da aka rubuta a allo, amma in aka tambaye shi ma'ana sai ya sunkuyar da kai. Watau karatun aku yake yi. Da farko na ɗauka Turancin ne ya gagare shi, sai wata rana na miƙa masa Magana Jari Ce, na ga nan ma yana tuntuɓe, kalma ɗaya ɗaya yake tsinta. Ashe ba Turanci ya rasa ba, karatun kansa ne bai zauna ba. Hutun ƙarshen shekara ɗungurungum muka yi muna karatun Hausa bayan sallar isha'i, har ya kai ga yin dariya shi kaɗai a kan takarda. Ranar nan na san ya gane cewa rubutu magana ce. Daga nan ya koma kan ƙananan littattafan labari na Turanci, kafin ƙarshen aji biyu kuwa ya karance ɗaya daga bango zuwa bango ba tare da kowa ya sa shi ba.

Rubutu ya fi jinkiri, kuma a nan ne Hausa ta fi leƙowa. Yaron yakan yi tunani da Hausa, kana ya fassara. Alal misali, ya taɓa son ya ce mahaifinsa ya sha wahala, sai ya ɗauko kalmar Turanci ta shan ruwa ya saka. Malaminsa ya ja jan layi, ya rubuta cewa ba ma'ana. Ma'ana kuwa akwai ta, ba a dai bayyana masa cewa Bature ba ya shan wahala ko cin jarrabawa yadda Bahaushe ke yi ba. Ga kuma ƙa'idar rubutu: Hausar boko kusan yadda aka faɗa haka ake rubutawa, Turanci kuwa sau da yawa furuci dabam, rubutu dabam. Abin da ya fisshe shi shi ne wata malama da suka samu a aji huɗu, wadda kan sa su rubuta wasiƙa kowane mako, ta kuma gyara kuskure iri ɗaya tak a kowane karo.

Magana ce ta zo ƙarshe. Ana yawan yi wa Bahaushe ba'a don yana cakuɗa sautin p da f, ko yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe, kamar yadda muka samu burodi da asibiti. Wannan ƙaramin abu ne. Ni kaina, da na sauka Ingila karatu, na yi makonni ban gane maganar direban bas ba, shi ma bai gane tawa ba, alhali ina rubuta Turancin da malamaina ke yabawa. Babban abin da ke ɗaure bakin yaro shi ne kunya da tsoron dariya. Makarantarsu kan ci tarar duk wanda aka ji yana Hausa, sakamakon haka sai yaran suka koyi yin shiru. Ɗan yayata bai buɗe baki sosai ba sai da ya shiga ƙungiyar muhawara a aji biyar, inda son kayar da abokin gardama ya mantar da shi tsoron kuskure.

Tarihi ma yana da abin cewa. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibai furucin Turanci. Daga can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda daɗin Turancinsa ya zama abin kwatance, amma shi ne dai ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, kamar yadda Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja. A Jami'ar Ife kuma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi kawai, aka tarar yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba. Manufar ilmi ta 1977 ta tanadi a fara firamare da harshen gida, a 2022 aka miƙa shi zuwa shekara shida, sannan a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Turanci. A ganina an yi gaggawa, domin a makarantu da yawa ba a taɓa ba wa tsohuwar manufar littattafai da malaman da za a gwada ta da su ba.

Ba ina rage wa Turanci daraja ba ne. Duk ɗalibin da ke zaune a nan ya san ba a shiga jami'a sai da kiredit a cikinsa. Ɗan yayata ya samu nasa a zama na farko. Cikin 'yan ajinsu akwai wanda na san ya fi shi lissafi nesa ba kusa ba, amma sau uku yana sake jarrabawar Turanci, yanzu haka yana tsaron shagon kawunsa a kasuwa.