Jinkirin Fansho a CNSS: Ina Takardun Ke Maƙalewa?



Tun shekarar 1965 aka kafa asusun CNSS domin ma'aikatan kamfanoni da masu aikin kwangila. Sharaɗin fansho a fili yake: mutum ya cika shekara 60, an kuma zuba masa kuɗi na wata 180. Kowane wata ana cire kashi 5,25 cikin ɗari daga albashinsa. To, me ya sa dattijo zai ajiye aiki, ya kai dosiyensa, sannan ya shafe watanni yana sintiri tsakanin Damagaram da Yamai?

Mafi yawan lokaci matsalar ta girmi ranar da ya kai takardun. Maigidan aiki ya cire kuɗin, amma bai zuba wa asusu ba, ko kuwa ya zuba a dunƙule ba tare da jera sunayen ma'aikatansa ba. Ranar lissafi sai a iske giɓi na shekaru. A nan ake ce wa tsoho ya kawo takardun albashinsa na da, ko shaidar kamfanin da wataƙila ya rufe tun zamanin gyaran tattalin arziki, ko bayan faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994. Ita kanta gwamnati, da ta tara bashin albashi a shekarun 1990, ba ta kasance abin koyi wajen biya ba. Abin mamaki, wanda aka cuta shi ake ɗora wa nauyin kawo hujja.

Sai batun takardar haihuwa. Da yawa hukuncin alƙali suke riƙe da shi, mai cewa an haife su "wajen" shekara kaza, kuma harafi ɗaya da ya bambanta a suna ya isa ya mayar da dosiye baya. Matar mamaci kuwa sai ta nemo shaidar aure da ta mutuwa, alhali marayu suna jiran hatsi.

Abin da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su nema bai fi ƙarfin asusu ba: a ba kowane ma'aikaci lissafin watanninsa duk shekara, tun yana bakin aiki, lokacin da maigidansa ke nan ana iya kama shi. A kuma sa wa'adi a rubuce bisa rasiɗin da ake ba mai kawo dosiye.